Sunan da Ajuma ta kulle shanunta da shi

Mahmuda ɗan makiyaya ne, amma tun yana ƙarami ya fi son kwance rediyon babansa da bin saniya. Da ya girma ya buɗe shagon gyaran waya a kasuwar Dogon Dutsi, kusa da teburin shayina. Mutum ne mai ɗoki, in dabara ta faɗo masa sai ya manta da shayinsa har ya huce.

Satar shanu ce ta sa shi tunani. Ya ce a ɗauki hoton kowace dabba da shaidar da ke jikinta, a tara wuri ɗaya, in ta ɓata dillalan Tibiri da Matankari su gani kafin a sayar. Matsalar ita ce kowa da nasa rezo, wato layin kamfanin waya, hoto kuma sai ya maƙale a hanya. Dole a sami na'urar ajiya guda wadda kowa zai iya shiga, kowane layi yake riƙe da shi.

Da farko ya so ya yi hayar wuri a intanet. Dattawa suka ce atafau. Makiyayin da ba ya faɗa wa ƙaninsa yawan garkensa, shi zai kai hotonsu ɗakin baƙo a wata ƙasa? Mahmuda ya ji haushi, ni ma na taya shi, amma ya sauko. Ya gyara tsohuwar kwamfuta, ya haɗa ta da hasken rana, ya ajiye ta a shago inda kowa zai iya zuwa ya shafa ta. Kowane gida kuma da kalmarsa ta sirri.

Ranar kasuwar Tibiri sai ga Ajuma, wata tsohuwa da mijinta ya rasu, ta shigo tana haki. An sace mata jar saniyar da ya bar mata. Amadu dillali yana can kara, kasuwar shanu, ya ga mai kama da ita, har an fara ciniki, yana jiran hoto. Mahmuda ya nemi kalmar, Ajuma ta sunkuyar da kai. Ashe 'yarta ce ta rubuta, ta kuwa tafi mashekari, wurin kiwon damina, ba a samunta a waya. Sunan marigayin suka sa, don sun san ko da wuƙa bakin Ajuma ba zai furta shi ba. Cikinmu babu wanda ya san mutumin.

"Inna, mi za mu yi? Za su kora ta," in ji Mahmuda.

Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Abdurrahman," ta ce a hankali.

Hoton ya buɗe, ya isa Tibiri nan take. Amadu ya bugo yana dariya, ita ce, har da tsagar kunnen hagu. Mahmuda ya yi tsalle ya ture min kofuna, ban ko yi faɗa ba don murna.

Ajuma ba ta tashi ba. Ta share ido, ta ce tun da aka ɗaura masu aure yau ta fara kiransa, ga shi kuma ya amsa.