Lakar da na dasa bado a ciki

Shekarun baya da ɗan dama, lokacin da mantuwa ta fara kama mahaifiyata, ba ta da zance sai na badon tafkin garinsu. Ni kuwa haihuwar birni ce, a Treichville, a hoto kawai na san shi. Sai na sa aka gina mata ɗan kwarmin ruwa na siminti a tsakar gidanmu na unguwar Arras.

Da boko na fara. Na je kasuwar Adjamé na sayo baƙar ƙasa mai taki, na zuba. Kwana uku ƙasar ta taso sama, ruwan ya koma kamar miyar kuka.

Wani dattijo mai sayar da shuke-shuke a bakin lagin, babban ruwan da ya ratsa birnin, shi ne ya gyara mini.

"'Yata, bado ba ya son ƙasa mai sauƙi. Laka yake so, mai nauyi. Ki cika kwando, ki kwantar da saiwar a karkace, kan tsiron a waje. Ki rufe da tsakuwa, sannan ki nutsar a hankali."

Ya ba ni buhun laka da ya haƙo da hannunsa.

Bado ya kama, har ya yi fure. Maman, haka nake kiran mahaifiyata, ta koma wuni a gefensa. Wata rana da azahar ta ce, "Zuba abinci kwano biyu. Yarinyar nan ba ta ci komai ba."

"Wace yarinya, Maman?"

"Ga ta nan, jikinta duk ruwa."

Na yi dariya, na ce tsufa ne. Amma kullum azahar sai ta nemi kwano biyu. Rannan na dawo daga aiki na tarar da ita a durƙushe, hannuwanta cikin ruwan har kafaɗa, fuskarta na dab da nutsewa. Na fizgo ta.

"Ƙafarta ce ta maƙale," in ji ta.

Nan take na ciro kwandon na zazzage. A cikin saiwoyin, an nannaɗe shi tam, ga wani ɗan mundun ƙafa na azurfa, irin na ƙananan yara.

Na ɗauki tasin woro-woro na koma wurin dattijon da niyyar faɗa. Ya karɓi mundun, ya goge da bakin rigarsa, ya daɗe yana kallo.

"Na jikata ne," ya ce. "Ruwa ya tafi da ita wata damina. Tun daga nan nake haƙar laka a wurin da ta nutse."

Ban iya ce masa komai ba sai "Yako, sannu Baba. Allah ya jiƙanta."

Har yau ban san abin da Maman ta gani ba, kuma na daina neman bayani. Abin da na sani, na yi saurin kiran maganarta tsufa. Washegari da azahar na kawo mata kwano biyu, ta ture ɗaya.

"Mayar da wannan," ta ce. "Kakanta ya zo ya ɗauke ta."

Ni kuwa ban gaya wa kowa inda na je ba.