Ranar Da Na Kira Gayya Ban Sani Ba

Akwai wata Asabar ta ƙarshen bazara da ba na jin za ta taɓa fita daga raina, ko da kuwa na tsufa na fara manta sunayen jikokina. A lokacin ban daɗe da dawowa Gwarzo daga bautar ƙasa ba, ba aiki, sai ƙungiyarmu ta taimakon kai da kai ta naɗa ni magatakarda, wai ni ne mai digiri.

Muna zama kowace Juma'a bayan la'asar, a gindin darbejiyar makarantar firamare. Shugabanmu tsohon hedimasta ne, kowa Baba yake ce masa. Akwai kuma wani tela mai barkwanci da ya raɗa mini suna Malam Wataƙila, domin ko tambayata aka yi ƙarfe nawa, sai na ce ina jin biyar ta kusa, sai dai in agogona ya yi kuskure. Sunan ya bi ni har yau, kuma ba zan ce bai dace da ni ba.

Abin da ya dame mu a shekarar shi ne wani kwari da ruwa ya ci a hanyar Unguwar Tudu zuwa asibiti. Da damina ta sauka, mai ciki ko marar lafiya sai an yi dogon zagaye da shi. Muka yanke shawarar kafa gidauniya a gina kwalbati kafin ruwa ya sauka. Baba da kansa ya je Kabo ya roƙi wani Alhaji, ɗan kasuwar hatsi kuma abokin karatunsa, ya zo ya zama babban mai ƙaddamarwa. Ni kuma aka ce in rubuta sanarwar da mai shela zai zagaya da ita a babur.

Sau uku ina rubutawa ina yagewa. Kalmar gidauniya ta yi mini nauyi. Na ce a raina, yaya za a tunkari manomi da maganar kuɗi a lokacin da rumbunsa ya kusa ƙarewa? Sai na yi ta sassauta maganar har ta koma: "Gayya ce ta kowa da kowa a bakin kwari ranar Asabar da hantsi, kowa ya zo da abin da ya sawwaƙa a hannunsa." Ni gayyata nake nufi. Shekarun da na yi a makaranta sun sa na manta cewa a ƙauyukanmu idan aka ce gayya, aikin taro ake nufi, ba zama ba.

Ranar Asabar muka kafa rumfa, muka jera kujerun roba, muka ajiye babbar fanteka a kan tebur don zuba gudummawa. Can sai ga mutanen ƙauyukan Madadi da Jama'a sun ɓullo, wannan da diga a kafaɗa, wancan da shebur, wasu da kwanon sarki, har da amalanken shanu biyu cike da yashi. Telan ya matso kusa da kunnena ya ce, "Malam Wataƙila, digar nan a fanteka za mu zuba ta ko a ambulan?"

Ana cikin haka motar Alhaji ta tsaya. Ya fito cikin farar babbar riga, Baba ya tare shi, aka yi doguwar gaisuwa. Na ga idon Baba yana kai-komo tsakanin kujerun da babu kowa a kai da mutanen da ke tsaye da kayan aiki. Mutuncin dattijon nan nake tunani, shi da ya taso abokinsa tun daga Kabo. Wani tsoho daga Madadi ya ce su fa sharar gona suka baro, idan zama za a yi a faɗa musu su koma.

Na so in yi shiru a ɗora wa mai shela laifin, ba zan ɓoye ba. Amma na je na durƙusa gaban su Baba, na ce kuskuren nawa ne, na karanta musu abin da na rubuta. Alhaji ya yi dariya har da riƙe hula. Sannan ya tambayi abin da za a yi da kuɗin da a ce an tara. Baba ya ce leburori, da yashi, da dutse, da siminti.

"To ga leburori Allah ya kawo, ga yashi," in ji shi. "Siminti da rodi ku bar mini. Kai kuma ɗana, wanda ya kira gayya ba ya tsayawa kallo, kuma shi ke ciyarwa. Me ka dafa?"

Ban dafa komai ba. Lemon kwalba ne kawai da muka tanadar wa manyan baƙi. Matan unguwar da suka zo kallo suka ji, suka yi ta dariya, suka koma gida. Kafin azahar sai ga ƙwaryoyin fura da bokitan kunu suna fitowa gida-gida. Alhaji ya tuɓe babbar rigarsa ya rataye a kujerar da aka yi masa ado, ya zuba shebur na farko. Ni kuwa na yini ina ɗaukar kwanon sarki har tafin hannuna ya yi kanta, telan na bina a baya yana tambaya ko wataƙila na gaji.

Asabar uku muka yi, wani magini ɗan ƙungiyarmu yana jagoranta. Ruwan farko ya sauka bayan an cire katakon da ya tallafe simintin da 'yan kwanaki, ya bi ta ƙarƙashin kwalbatin ya wuce.

A zaman Juma'ar da ta biyo baya na kawo takardar ajiye muƙami. Baba ya karanta, ya ninke ta, ya sa a aljihu, ya ce in karanta bayanin zaman da ya gabata, lokaci na tafiya.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, na auna mutanena da aljihunsu, har na ji kunyar roƙonsu, alhali abin da ke hannunsu ya fi ƙarfin fantekarmu. Tun daga nan idan ƙungiya na neman wani abu, nakan faɗe shi da sunansa, in bar wa jama'a su zaɓi abin da za su kawo. Wannan kam ba na sa masa wataƙila.