Jatau da Maƙwabcinsa Baba Yan

Sunansa na yanka Murtala, amma duk Dosara ba mai kiransa haka. Tun yana goye ake ce masa Jatau, don ya fi kowa haske a gidansu. Malamin gona ne, shekara tara yana yawo a kan babur tsakanin Talata Mafara da Bakura, yana duba gonakin shinkafa da ke shan ruwan Bakolori. Mutum ne mai son gaisuwa. In kun haɗu a hanya, sai ka kashe babur ɗinka, don sai ya tambayi lafiyar kowa naka har da awaki.

Shekara uku da suka wuce ya samu gurbin ƙaro karatu a ƙasar Holan, kan yadda ake raba ruwa a noman rani. Ya bar matarsa Farida da 'ya'ya biyu, mahaifiyarsa Inna Marka ta cika masa jaka da kuka da daddawa da yaji. Ranar da ya sauka, ya kalli mutanen da ke cikin jirgin ƙasa, ya kalli hannunsa, ya kira Farida ya ce, "Ki hwaɗa wa mutanen gida su sake mini suna. Nan duk garin ba wanda ya kai ni baƙi."

An ba shi ɗaki a wani bene. Ƙofar da ke kallon tasa ta wani tsoho ce mai suna Yan, dogo, mai sanda, shi kaɗai yake zaune. Mutanen benen, har yara, Yan suke ce masa kai tsaye. Bakin Jatau ya kasa, sai ya liƙa masa Baba.

Safiyar farko da suka haɗu a matakala, Jatau ya ɗan rusuna, ya jero gaisuwa da Turanci kamar yadda zai yi a gida: ina kwana, ina gajiya, yaya sanyi, yaya jiki. Tsohon ya tsaya, ya jingina sandarsa da bango, ya ce tunda an tambaya, gwiwar hagu ba ta barinsa barci. Daga gwiwa ya koma baya, daga baya ya koma kan likitan da ya canza masa magani. Jatau yana ta "sannu, sannu," yana satar kallon agogo. Ran nan sai da aka ci rabin darasi ya shiga aji.

Da yamma ya ba Inna Marka labari a waya. "Inna, mutanen wanga gari in ka ce musu ina gajiya, gajiyar suke kawo maka duka."

Ta ce, "To shi bai iya cewa lahiya lau ba?"

"Bai iya ba, Inna."

"Allah sarki. Ka riƙa duba shi, ba shi da kowa ne."

Jatau ya bi maganar uwa. Ranar Asabar ya ƙwanƙwasa ƙofar tsohon, ya ce ya zo gaisuwa. Baba Yan ya yi murna ƙwarai, amma bai matsa daga bakin ƙofa ba. Ya ɗauko wani ɗan littafi daga aljihu, ya lashi yatsa, ya buɗe, ya ce, "Alhamis ta mako biyu masu zuwa, ƙarfe uku. Ya yi maka?" Jatau ya leƙa ta bayansa, ya ga ba kowa a ɗakin sai kyanwa a kan kujera. Ya ce ya yi, ya koma ɗakinsa ya zauna a bakin gado yana dariya shi kaɗai.

Kafin Alhamis ɗin ta zo, burodi da dankali suka ishe shi. Ya samo garin masara a wani shago, ya tuƙa tuwo, ya kaɗa miyar kuka, ya zuba daddawa ba tausayi. Bai buɗe taga ba saboda sanyi. Can sai ya ji hayaniya a waje. Mutanen benen ne suka fito suna shinshina bututun ruwa, wata mata ta toshe hanci da gyale tana cewa lallai ɓera ya mutu a wani wuri. Baba Yan ne ya bi warin da sandarsa har ƙofar Jatau, ya buga.

Jatau ya buɗe, ludayi a hannu. Ya gane abin da ya faru, kunya ta kama shi, amma sai ya daure fuska, ya ɗauko littafin darasinsa ya buɗe. Ya ce, "Baba, ban ga sunanka yau ba. Ko Talata ta sama?"

Tsohon ya yi dariya har sai da ya riƙe ƙofa. Ya shiga, ya zauna, ya ce a ba shi abin da ya tayar da bene. Jatau ya nuna masa yadda ake yanko loma da hannu. Tsohon ya ci ta farko, ya ci ta biyu, sannan ya barbaɗa yaji kamar gishiri kafin a hana shi. Hawaye ya zubo masa, ya sha ruwa kofi uku, ya ce rabon da ya yi gumi haka tun yana saurayi.

A wurin cin tuwon ne Jatau ya ji cewa tsohon makiyayi ne, ya bar wa 'yarsa garken. Wata Lahadi Baba Yan ya kai shi gonar da shanun suke. Shanu fiye da ɗari, manya, ba ƙaho, ba tozo, ba mai tsaronsu. Saniya da kanta take zuwa gaban inji a tatse ta, ta juya ta tafi. Jatau ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya ko suna sallar asuba ma da kansu.

Wata goma sha takwas ya yi ya dawo. Yanzu yana Bakura, shi ke tsara ranakun da kowane layin gonaki zai samu ruwa, kuma manoma sun ce rigimar kan ruwa ta ragu. Ranar da zai taho daga Holan, Baba Yan ya ba shi wani ƙaton cuku mai ɓawon ja, ya ce a kai wa Inna.

Inna Marka ta juya shi, ta shinshina, ta ce sabulu ne. Da aka rantse mata abinci ne, ta gutsura, ta tauna a hankali, ta ce ita ba za ta yanke hukunci ba. Ta aika da rabinsa ƙauyen Damaga wurin ƙawarta Hindu mai tallan nono. Bayan kwana biyu amsa ta zo: nonon dai ya lalace tun a hanya, amma a gaya wa mai shanun, dabbobinsa suna ƙoshi.