Nauyin Uwar Tanko

Gidanmu na Takoma Park a Amurka yana da murhu a bangon falo, amma har Kaka ta zo daga Yauri babu wanda ya taɓa hura shi. Furannin roba Umma ta jera a ciki. Kaka ta yi ta kallonsa, rannan dai ta kasa haƙuri ta ce, "Wai ku mutanen nan, ga murhu har cikin ɗaki, kuna yi masa kwalliya kamar amarya?" Da sanyi ya fara shigowa, ganyen itatuwa na zuba, ta kwashe furannin ta sa Abba ya sayo itace. Hurawar farko hayaƙi ya turnuƙe gidan, na'urar gano hayaƙi da ke jikin silin ta kama ihu, maƙwabciyarmu ta fito rungume da karenta. Kaka ko a jikinta. Sai da Abba ya gano ashe akwai wani murfin ƙarfe a maƙogwaron murhun da ake buɗewa, sannan muka samu lafiya.

Daga nan ya zama ka'ida. Ana idar da sallar magariba, ni da Yaya Nasir mu zube a gaban wuta, Kaka ta tura dankali cikin toka, ta miƙe ƙafa ta fara. Hausarmu a lokacin ta kunne ce kawai. Muna jin komai, amma amsa sai ta fito da Turanci. Kaka ta ce ita ba ta gane wannan yaren na masu mura, don haka dole muke lallaɓo Hausar ko da a karkace.

A shekarar ina 'yar sha biyu, Yaya ya girme ni da kaɗan, kuma ciwon jirgin iska ya kama shi kamu na gaske. Abba ne ya ja mana, shi ya sa mu a wani kulob na yara a bakin kogin Potomac, inda ake koyar da tuƙa ƙananan jiragen da ba su da inji, sai sanda da ƙyalle, iska ce ke tura su. Mutum biyu ke hawa. Yaya ne mai tuƙi, ni ce mai jan igiyar ƙyallen gaba. Wallahi ina son jirgin nan fiye da yadda nake nunawa.

Shi kuwa Yaya abin nasa ya wuce so. Kullum yana gaban kwamfuta yana kallon waɗansu mutane a gaɓar Namibiya da Faransa, masu neman kafa tarihin gudu a kan ruwa. Wani da jirgi siriri kamar allura, wani a tsaye kan ɗan katako iska na fizgarsa. Rabin kilomita ake auna musu, ga alƙali a tsaye da agogo. Su yi makonni suna zaman jiran iska, in ta zo wani ya karya tarihi, wani ya karya jirgi. Kulob ɗinmu ma yana da nasa ɗan ƙaramin tarihi: gudu tsakanin durom biyu da aka ɗaure a kan ruwa. Waɗansu 'yan'uwa biyu ne suka kafa shi tun kafin mu shiga, kuma Yaya ya rantse sai ya goge shi kafin a rufe kulob saboda hunturu.

Ni dai Allah ya yi ni da jiki. Ƙashina mai nauyi ne, kuma ban taɓa faɗa da tuwo ba. Rannan muna dawowa a jirgin ƙasa na Metro, Yaya ya dube ni ya ce ya yi lissafi, nauyina ne ke danne jirgin. Ya ce ranar gwaji Awwal zai ɗauka, wani yaro ɗan mutanen Kumasi da ke Greenbelt, siriri kamar tsinken tsire. Ya ƙara da cewa, "Kada ki ji haushi, kimiyya ce." Kimiyyar gidanku! Haka na faɗa a raina, na manta gidan namu ɗaya ne. Na ji haushi ƙwarai, na kuma ji kunya, wadda ta fi haushin ciwo.

Sai na yanke wa kaina shawarar da ban gaya wa kowa ba. Na ce zan rame kafin ranar, ya rasa hujja. Na daina karin kumallo. Abincin makaranta in ba ƙawata. Da yamma in tsakuri tuwo in yi ta juya loma a miya har a tashi. Umma tana aikin asibiti, sau da yawa ba ta nan lokacin cin abinci, Abba kuma hankalinsa na kan labaran talabijin. Kaka ce ke kwashe kwanuka.

Wata magariba ta tono dankali daga toka, ta miƙo mini, na ce na ƙoshi. Ta ajiye shi a gefe, ta gyara zama ta ce, "To, ga wata nan ta taso daga bakin kogi." Muka ce, "Ta iso lafiya."

Wai an yi wani mai kwale-kwale a wani ƙauye, sunansa Tanko. Ya ɗinka buhunan gishiri ya yi ƙyallen iska da su, kamar yadda masunta ke yi. Kasuwarsu tana tsallaken kogi, kuma al'adar garin, wanda ya fara taɓa gaɓa ranar babbar kasuwa shi ke ɗaure jirginsa a inuwar tsamiya har shekara ta zagayo, saura kuwa su gasu a rana. Tanko kullum shi ne na biyu. Duk ranar kasuwa da uwarsa yake tafiya, wata dattijuwa mai sayar da daddawa, wadda in ta zauna a tabarma babu sauran wuri ko na kyanwa. Tana shiga jirgi sai ta koma gefen da iska ke busowa ta baje, tana cin goro tana ba shi labarin mutanen gari. In ya juya jirgi, ta ja jiki ta koma ɗaya gefen, ba ta ko katse labarin.

Tanko ya ce kaya ne ke hana shi gudu. Ya fitar da tabarma. Ya zo na biyu. Ya fitar da tukunya da ƙoƙon kwashe ruwa. Ya zo na biyu. Ya aske kansa ƙwal, ya tuɓe riga. Ya zo na biyu. A nan Kaka ta ƙanƙance murya tana kwaikwayonsa: "Inna, yau ki huta a gida mana, kin ga ƙafarki." Sannan ta buɗe murya irin ta uwar: "To, ɗan nan. Allah ya tsare." Ta shimfiɗa tabarmarta a bakin ruwa, ta ɓare goro.

Iska ta taso ranar kamar an aiko ta. Jirgin Tanko ya fita kamar kibiya, ya bar kowa a baya, har ya fara waƙar kansa. Yana kaiwa tsakiyar kogi iska ta cika buhunan nan ta danna, babu mai danne ɗaya gefen, jirgi ya yi rigingine. Ruwa ya tafi da wandonsa. Da wutsiyar wata saniyar Fulani mai ƙetare kogi ya iso kasuwa, mata na guɗa, yara na bin sa.

Yaya ya yi dariya har da buga ƙasa, kafin ya lura da inda aka dosa. Sai ya haɗe rai ya ce da Turanci ai wannan ba kimiyya ba ce. Kaka ta ce, "Me angon nawa ya ce? Mura ta tashi?" Ta ci gaba abinta. Da Tanko ya dawo gida sanye da aron zane, uwar ta dube shi ta ce, "Sannu da gudu." Babbar kasuwa ta gaba ya zo ya durƙusa. Ta ce za ta shiga, amma da tukunyarta, da tabarmarta, da ƙawarta Ladi wadda ta fi ta jiki. Haka aka yi, kuma a inuwar tsamiya suka ɗaure. Kaka ta kakkaɓe zaninta ta ce, "Ni ma nan na ɗaure nawa jirgin, kowa ya sauka."

Yaya ya haye sama. Washegari na same shi gaban kwamfuta yana maimaita bidiyon nan nasa, yana tsayarwa yana leƙawa. Ashe duk kallon da yake yi jiragen yake kallo, bai taɓa duban mutanen ba. Masu tsayawa kan katakon nan ƙarti ne, wasu har rigar nauyi suke ɗaurawa, don ba a kafa tarihi sai ranar iska mai ƙarfi, ranar kuwa marar nauyi ba ya iya riƙe ƙyalle. Da yamma sai ga shi da kwano shaƙe da shinkafa da wake, ya dire a gabana, yana kallon bango. Ya ce, "An ce za a yi iska ranar Asabar. Ci." Iyakar ban-haƙurin da na samu ke nan har yau, na kuwa cinye tas.

An yi iskar. Kogin ya yi fari da kumfa, jirage biyu suka kife tun kafin su kai durom na farko. Na saƙale ƙafafuna a maɗaurin da ke cikin jirgin na jefa duk jikina waje, bayana na shafar ruwa, sanyi na dukan haƙorana. Jirgin ya miƙe ya fara wani irin kuka da ban taɓa ji ba. Yaya na ta ihu, da Hausa kuma, Hausar da ba ya yi sai an matsa masa: "Ƙara fita, Zulai! Danne shi! Danne!" Tun da nake, ranar aka fara roƙona in ƙara nauyi. Muka goge tarihin nan da ɗan ƙiris. Bai daɗe a hannunmu ba, da bazara waɗansu samari biyu da suka fi mu cin abinci suka karɓe.

Na yi shekaru ina ɗauka don Yaya aka yi tatsuniyar nan, don a nuna masa kuskurensa, kuma ina jin daɗin hakan. Sai da na girma, na shiga wuraren da ake so mutum ya rage murya, ya rage dariya, ya rage kansa kafin a ba shi kujera, sannan na fara tunanin uwar fiye da ɗan. Bayan Kaka ta koma Yauri na kai mata ziyara, na tambayi tsofaffin masunta labarin Tanko, babu wanda ya taɓa jin sa. Na dawo na gaya mata. Ta yi dariya har tana tari, ta ce a gaban kwanona ta ƙera shi. Na ce ai kuwa ya yi wa Yaya magani.

Ta ce, "Wa ke ta Nasiru? Shi ruwa ma zai koya masa. Ke nake wa magana. A duk labarin nan, kin ji inda na ce matar ta rage ko loma ɗaya don a ɗauke ta?"