An Ɗauki Fim ɗin Mata a Zaure

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Ige, Allah Ya jiƙanta. Ni ɗan kasuwa ne, ba na manta ƙidaya, shi ya sa har yau zan iya lissafa abin da aikin dam ɗin Bakolori ya ci nata: gayauna biyu da ta gada wajen mahaifiyarmu, fadama ɗaya a bakin gulbi inda take noman albasa da rani, da tsamiya huɗu. Ko ɗaya ba a rubuta da sunanta ba. Masu awon ƙasa na zamanin soja a zaure suke tsayawa, su tambayi maigida abin da yake nasa, su rubuta, su wuce. Ba wanda ya ce a shiga ciki a tambayi mata.

Lokacin ina sayar wa leburorin aikin goro da sigari, da shi na kafa jarin da nake fataucin shinkafa da shi yau a Talata Mafara. Ban ɓoye wannan ba. Ranar da katafila ta nufo gonakin ƙauyenmu, dawa ta nuna, kwanaki kaɗan suka rage a girbe. Maza sun je sun yi roƙo, an kore su. Sai ga Yaya Ige da rana tsaka, matar auren da ba ta fita sai da mayafi da dalili, ta mirgino turminta har gaban katafila, ta zuba gero ta fara daka. Kafin la'asar matan unguwa sun fito da nasu. Direbobin 'ya'yan Musulmi ne, ba wanda zai sa hannu ya ɗaga matar wani. Suka kashe inji.

Mijinta ya aike ni in komo da ita. Na ce, "Yaya, Malam ya ce ki koma gida, kin ba shi kunya."

Ba ta ajiye taɓarya ba. Ta ce, "Ce mishi in kumya za ya ci bana, shi ci shi ɗai. Ɗiyana dawa za su ci. Kai ko, Bawa, koma wajen goronka, kak ka rasa ciniki."

Kwana uku matan suka yi a wurin, maza suka samu suka girbe dawa. Bayan nan aka baje gonakin. Abin da ya biyo baya, da aka kawo bindiga yankin, ba ni zan ba da labarinsa ba, akwai waɗanda suka fi ni hakki.

Shekara guda kafin ta rasu, wasu samari biyu suka zo daga birni da kyamara. Suka ce fim ɗin tarihi suke haɗawa a kan matan da suka tsaya wa mulkin danniya. Aka kawo su wurina a kasuwa, wai na san mutane. Na yi musu abin da muke yi wa baƙo: na shimfiɗa tabarmi a zaurena, na tara dattawa, aka kawo fura. Yaya Ige tana cikin gidan nan, mijinta ya rasu, ƙafafunta sun daina ɗaukarta. Bango ɗaya ne tsakaninta da kyamarar.

Suka tambaya wa ya shirya fitar matan. Wani dattijo, wanda na san ranar ko ƙofar gida bai leƙo ba, ya gyara babbar riga ya ce, "Ai mu munka ce musu su hita." Aka juyo da kyamara kaina. Na ce, "Haka ne." Ba a ƙaryata babba gaban baƙi, da haka na lallashi kaina. Gaskiyar ita ce zaman ya yi mini daɗi.

Matata ta zo bakin ƙofa ta ce Yaya ta ce a shigo mata da baƙin. Tsohuwa ce, ba wanda zai ga laifi. Na ce gida ba a kintse yake ba, a bari sai gobe. Samarin ba su matsa ba, suka ce gobe Bakura za su, ɗaukar hoton magudanan ruwa, sai bayan damina za su dawo. Da na shiga ciki Yaya ta dube ni ta ce, "An koma awo a zaure ke nan, Bawa?" Ba ta sake tayar da maganar ba har ta bar duniya. Su ma ba su dawo ba.

Na ga fim ɗin a wayar wani abokin ciniki. Maza ne tun daga farko har ƙarshe, sai hoton wani turmi da suka aro a maƙwabta, ba kowa a kansa. Haushin samarin nake ji, don wanda ya ce labarin mata ya kawo shi bai kamata ya koma da muryar maza kaɗai ya kira shi aiki ba. Ko mace ɗaya ba su zo da ita ba, wadda za ta cire takalmi ta shiga ɗaki. Amma su baƙi ne. Ni na san wadda ta fara dakan, ni kuma na tare ƙofa.

Da tana raye ta ga yadda yau kowa ke ɗaga waya yana ɗaukar biki da faɗan kasuwa, da ta tambaya ko an taɓa ɗaukar jikokinta mata da ke tsintar shinkafa a gonar wani. Na san amsar da zan ba ta, kuma ba za ta ji daɗinta ba.

Cikin matan da suka fita ranar, biyu na sani da rai, ɗaya a Dosara, ɗaya wajen Faru, kunnenta ya fara nauyi. Duk mai kyamarar da ke da niyya ta gaskiya ya zo da mace, zan kai su da motata, in tsaya a waje.

A kasuwa yanzu har akwai masu ce mini Alhaji na cikin fim. Sunan nan shi ne abin da na karɓa, abin da na bayar kuwa shaidar yayata ce, da kalma biyu na sayar da ita. Kusan shekara hamsin ina saye da sayarwa, ban taɓa faɗuwa irin wannan ba.