Takardun da na wanke a Urushalima

Sai da na matse zanin na ji ƙulli a bakinsa. Na kwance, ga takardu sun zama kamar tuwon da ya kwana a ruwa. A ɗakin otal ne, a Urushalima, saura awa biyu mota ta kai mu bangon da ake cusa addu'a.

Takardun na matan zumuntarmu ne na unguwar Narayi. Da suka ji coci za ta tura ni, kowace ta zo gidana ta faɗi damuwarta, ni kuma na rubuta. Ina da jikoki na koyi riƙe biro, shi ya sa ba na wasa da shi. Mu kuwa abu mai daraja ba ya shiga jaka, bakin zani ake ƙulle shi. Haka uwata ta yi, haka na yi, har na manta na wanke.

Wadda ta fi damuna ƙawata ce, mai sayar da acca a unguwar Television, ƙauyenmu ɗaya. Ɗanta ya daina zuwa gida tun da ya yi aure. Ranar da ta zo ta ce, "Ki rubuta da yarenmu."

Na ce, "Hausa kaɗai aka koya mini."

Ta ce, "To Allah Bahaushe ne?"

Na ce, "Yana ji dai. Faɗi, ina da tuwo a wuta."

A mota matar fasto ta leƙa hannuna. "Mama, mene ne wannan, dawadawa?"

"Addu'o'i ne."

"Ai sun mutu."

"Ke kika kashe su?"

Da muka isa na mulmula abin, na danna shi cikin tsagar dutse da babban yatsa, ya zauna daram, ya fi na kowa. Amma rubutu ya tafi. To ni na san matsalar kowace mace, ba tun yau ba. Na dafa bango na fara jero su da baki, da yarenmu, ɗaya bayan ɗaya. Muryata ba ta san raɗa ba. Na ɗauka ba mai ji sai Allah, ashe wata 'yar unguwar Kamazou da ke bayana yarenmu ɗaya.

Kafin jirginmu ya sauka labari ya riga ni gida, har kunnen ɗan ƙawata.

Ina sauke akwati sai ga ƙawata, ba ko sannu da zuwa.

"Ke, na ce ki kai wa Allah, kin kai wa Kamazou."

"Da yarenmu na kai, kamar yadda kika so."

Ta harare ni, sannan ta ajiye kwanon gwate a gabana. "Ci. Matarsa ce ta dafa. Jiya suka zo, wai kunya ta hana shi barci."