Ranar da na kau da kai a shagon mai gyaran ordinatar

Ko tsufa ya sa na fara rikita sunayen jikoki, ba na jin zan mance ranar da muka tafi gyaran ordinatar ɗiyata ta fari.

Ita ke haɗa bidiyon biki da na suna a unguwarmu, nan Tawa, da wata ordinatar, wato kwamfuta, ta bisa tebur. Abin ya yi nauyi, aiki ba ya tafiya, sai muka je wajen mai gyara, ni da ita da yayana, wato kawunta. Mai gyaran ya ajiye wasu abubuwa biyu gabanmu, kowane bai fi yatsa tsawo ba. Ya ce SSD ake ce musu, cikinsu hotuna ke zama, kuma hanya biyu ce. Ko a haɗe su su raba aiki, sauri ya ƙaru, amma in ɗaya ya mutu komai ya tafi. Ko ɗaya ya riƙa kwafe abin da ke cikin ɗan'uwansa. Wuri zai ragu, amma kaya ba su ɓata.

"Kawu, ta biyun nike so," in ji ta. "Kayan mutane ne ciki."

Yayana ya bushe da dariya. "Ke da ke kukan an ba ki jaki, yau ga doki, kin ce a dabaibaye shi?"

Sai ta juyo ta dube ni. Wallahi na gane maganarta sarai, ni da ke raba irin gero gida biyu kowace shekara saboda ɓera. Amma a wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, balle ta goya mishi baya gaban mutane. Na gyara lulluɓi, na kau da kai.

"Yaya, a yi yadda ka ce. Mi yarinya ta sani?"

Aka haɗe su ta hanyar farko. Bayan damina ɗayan ya mutu. Ya tafi da bidiyon bikin ɗiyar maƙwabciyata da aka kai Barmu, har da wurin da kakar amarya ke sa mata albarka. Tsohuwar kuwa ta rasu ba da jimawa ba bayan bikin.

Maƙwabciyata ta shigo da sallama, ta zauna bisa tabarma, ta dubi ɗiyata ta ce, "Ɗiyata, ba rawa na zo nema ba. Muryar Inna kawai nike so in ji."

Yarinyar nan ta durƙusa ta ce, "Ki yafe mini, ni ce ban adana shi da kyau ba." Ba ta ambaci kawunta ba, ba ta dubi inda nike ba. Ni kuma ina zaune ina tsince wake. Matar ta share ido da bakin zane ta fita.

Har yau in na gamu da ita wajen suna, kaina ke sunkuyewa. Na koyi cewa kunyar da ke sa uwa ta bar ɗiyarta ita kaɗai alhali tana da gaskiya, ba tarbiyya ba ce. Yanzu in ta faɗi daidai, ina cewa daidai ne, ko gaban wa.